Rigar Kaka a Tayar Baya

Har yau idan mai shadda ya kama yadi ya yage shi a kasuwar Jega, sai na waiga. Kai da ke tsaye kusa da ni ba za ka ji komai ba sai ƙarar yadi. Ni kuwa babana nake ji.

A wani ƙauye na tashi, bayan Mungadi, cikin gidan kakana. Babana ne ɗan farinsa, don haka ban taɓa jin Kaka ya kama sunansa ba. "Wancan" yake ce masa. Ba sa cin abinci a kwano ɗaya, ba sa zama a tabarma ɗaya, in sun haɗu a zaure kowa ƙasa yake kallo kamar ya yar da allura. Haka al'adarmu take, kunyar ɗan fari, kuma mutane suna yabon Kaka a kan yadda ya riƙe ta. Ni ne na uku a ɗakinmu, jika kuma abokin wasan kaka ne, shi ya sa duk maganar da ke tsakaninsu ta bakina take bi.

Shekarar da albasa ta yi kyau Baba ya kai tasa Aliero, ya dawo a kan babur ja. Ba zan yi maka ƙarya ba, ban taɓa jin daɗi irin na wannan babur ba, ko ranar aurena. Yakan ɗora ni a tanki, ƙarfen da ɗumi a cinyoyina, warin fetur yana shiga hancina. Da damina muna ratsa gonaki, ganyen gero yana marina a fuska ina dariya. Da bazara iskar da ke dukanmu kaɗai ce sanyin da ke duniya. Amma daɗin gaske a Jega yake. Baba yana kutsawa tsakanin manyan motoci da amalanke, ya kwanta hagu ya kwanta dama, yana waƙa ƙasa-ƙasa. A gida mutum ne marar magana. A kan babur sai ya zama yaro.

Kaka bai taɓa hawa ba. Yakan ce jakin da ba ya jin "tsaya" ba jaki ba ne. Sai ranar da aka gayyace shi ɗaurin auren ɗan amininsa a Jega, kuma motar ƙauyenmu ta riga ta tafi. Ya fito cikin babbar rigarsa fara, wadda ta sha bugu, tana ƙamshin adaka. Ya dubi babur, ya dube ni.

"Kai, mummuna, shiga tsakiya."

Na gane dalili. Ba ya so jikinsa ya taɓa na ɗansa. Na zauna a bayan Baba, shi kuma ya koma can ƙarshe, kan kariyar ɗora kaya, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu. Rigar ta zubo dama da hagu har kusa da taya. Na san Baba ya gani, don ya waiga ya kalle ta. Amma yaya zai ce wa ubansa ya tattara rigarsa? Ya ta da babur kawai.

Lafiya lau muka wuce Maiyama. Muka shiga Jega ranar kasuwa, rana ta take, hanya cike da buhunan albasa da awaki da mutane. Muna gab da wajen mahauta sai na ji Kaka ya dafa kafaɗata. Ba ihu ya yi ba. A kunne ya ce min, "Hwaɗa ma wancan shi tsaya."

Ban kai ga buɗe baki ba. Taya ta gama naɗe gefen rigar ta fizge shi ta wuya. Na ji yadin ya yage, babur ya tirje, sai ga mu a ƙasa. Babur ya ci gaba da jan ciki a kwalta har ya kwashe wata yarinya mai tallan fura. Hannunta ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Salansar babur mai zafi ta kwanta min a ƙauri, tabon yana nan har gobe.

Abin da mutanen kasuwa suka gani shi ne dattijo kwance da riga shaƙe a wuya, yarinya tana kururuwa cikin nono da jini, da wani ɗan ƙauye da ya ja musu wannan. Suka ɗauka ɗan kabu-kabu ne, irin masu ɗaukar fasinja suna gudun hauka. Baba ya miƙe yana ɗingishi zai je wajen ubansa, wani ɗan dako ya tare shi da mari. Daga nan ban san wa ya fara ba. Na ga faskare ya sauka a bayansa. Na ga wani ya ciro ƙafar benci. Baba ya faɗi suka bi shi da takalma, yana kare kansa da hannu, bai rama ba, bai ma roƙe su ba. Wani ƙato ya ɗaga dutsen da ake tokare tayar mota da shi ya sake masa a cinya. Na ji ƙarar, kamar an karya rake. Ina ta kuka ina cewa babana ne, wani ya hankaɗe ni cikin kwata. Wa zai saurari ɗan mai laifi?

Wani tsoho mai goro ne ya yanke rigar daga wuyan Kaka da wuƙar mahauci, ya zaunar da shi. Kaka ba abin da ya same shi sai ƙujewa. Mai goron ya duba taron, ya duba Kaka.

"Alhaji, wanga yaro naka na? In naka na ka hwaɗi, yanzu in hana su."

Ina kusa, na ji da kunnena.  Na ga Kaka ya kalli inda ake dukan, sannan ya mai da idonsa ƙasa, irin yadda yake yi a zaure.

"Ɗan garinmu na," in ji shi.

Mai goron ya saki hannunsa. Ɗan gari ba ɗa ba ne, ba wanda zai shiga gaban faskare saboda ɗan garin wani. Suka ci gaba har suka gaji don kansu.

A bayan motar albasa aka kai Baba wajen masu ɗori a Aliero. Sun ja ƙafar, sun ɗaure ta da karare, sun ce za ta kama. Kuma da ta kama, don sun iya aikinsu. Amma jini ne yake fita ta kunnensa, wannan kuwa ba aikin maɗori ba ne. Kaka ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, a waje, ba ya ci, ba ya tafiya, ba ya shiga. Sai dai ya ce min, "Tai ka dubo wancan." Ran da Baba ya farfaɗo sosai na ƙarshe, ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni. Ya ce, "Tsoho bai ji ciwo ba dai?" Na ce bai ji ba. Ya ce to madalla.

Wajen zaman makoki Kaka bai zubar da hawaye ba. Ina jin dattawa suna cewa ga namiji, ga mai kunya, irinsu sun ƙare. Daga shekarar aka cire ni daga makaranta, ina aji huɗu. Kaka ya ci gaba da tsokanata da wasan jika, ni kuwa ban ƙara mayar masa ba har ya bar duniya.

Yanzu ni ma kabu-kabu nake yi a Jega, gashina ya fara fari. Abin haushin shi ne har yau idan hanya ta buɗe na murɗa, daɗin nan yana nan, bai rage ba. Mai babbar riga kuwa ba na ɗaukarsa sai ya tattara ta a cinya ya riƙe ƙuguna, ko uban waye shi. In bai yarda ba ya taka da ƙafa. Garin ya cika da babura, amma taro bai canza ba, sai dai yanzu wasu na duka wasu na ɗauka a waya.

Ɗan farina ma ya fara haya da babur bara. Kullum in na wuce inda suke tsayawa sai na ci birki na ƙwala masa kira da sunansa, na tambaye shi ko ya ci abinci, a gaban mahauta da 'yan dako da kowa. Shi kansa kunya yake ji. Dattawan unguwa suna cewa ba ni da ta ido, ɗan guntun bokon da na yi ne ya lalata ni. Su yi ta faɗa. Duk ranar da yaron nan ya faɗi a kasuwar nan, ba na so a tsaya tambayar ɗan waye.