Inna Ta Ƙone Rotar Mota

Jama'a, yau ba ɓarawo ne ya kassara min mota ba, mahaifiyata ce!

Tunda aka sace jif ɗin wani mai sayen gyaɗa a Gaya, kullum sai na cire rotar tawa, ɗan abin nan da mota ba ta tashi sai da shi. In ƙulle a baƙin tsumma, in cusa a saman ƙofar zaure.

Da safe naƙuda ta kama ƙanwata. Na laluba saman ƙofar don in tayar da mota, wayam!

Inna ta ce, "Ƙullin nan? Sammu aka yi maka! Na jefa shi a murhu."

Na ce, "Inna, rota ce fa!"

Ta ce, "Ko ma 'yar gidan uban waye, ta Allah ba tata ba!"

A amalanken shanu muka bar garinmu Toranke zuwa asibiti!