Zenebech Mai Injera Ta Rabu da Buzuzu

A unguwarmu ta Kolfe babu wanda bai san Etiye Zenebech ba, Etiye ɗin kiran girmamawa ne, kamar a ce Inna. Ita ce ke toya injera, wainar nan mai faɗi kamar faifai, tana kai wa gidajen abinci, tun daga Merkato har gangaren Entoto. Katanga ɗaya ta raba shagon ɗinkina da ɗakin toyarta, don haka kusan duk abin da zan faɗa a idona aka yi.

Tana budurwa ta zo Addis Ababa daga wani ƙauye a bayan Butajira. Da kwando a ka ta fara kai kaya, daga baya ta koma shiga motar haya. Da motocin lantarki suka fara yawa a gari, sai ta sayi wata 'yar ƙarama ta hannu, koriya, mai doro, wadda 'yan unguwa suka laƙa wa suna Buzuzu. Mijinta, Gashe Tenkir, tsohon direban bas ne da ya aje aiki, kuma bai taɓa ɗaukar Buzuzu a matsayin mota ba.

"Abin da ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ba a zuba masa mai, shi ne mota?" in ji shi. "Firji ce aka sa wa taya."

"Firjin ce ta kai ka asibiti ranar da ƙafarka ta kumbura," ta kan ba shi amsa.

Buzuzu ta yi aiki, gaskiya. Amma batir ya tsufa. Za ta kwana a caji ta tashi a cike, kafin rana ta take ta fara haki. In za su hau tudu, Zenebech sai ta kashe rediyo ta hana kowa magana, kamar surutun ma cajin yake ci. Ƙauyensu kuwa ba ta taɓa gigin zuwa da ita ba. Duk shekara in bikin Meskel, wato bikin gicciye na ƙarshen damina, ya zo, sai ta rufe motar da tamfol ta je tasha ta shiga turereniyar bas kamar kowa.

Abin da ya ƙure haƙurinta wata Asabar ya faru. Ta ɗauko injerar wani ɗaurin aure, ta cika motar har rufi, sai Buzuzu ta tsaya cik a tsakiyar hawan Piassa. Masu goge takalma da wani limamin coci da rigarsa suka taru suka tura ta. Da ta dawo gida ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta leƙo shagona ta ce, "Aberash, ɗinka min sabuwar riga. Mota zan sauya."

Akwai wani wurin sayar da motoci a Megenagna da ke karɓar tsohuwa, ka cika kuɗi a ba ka sabuwa. Da kwasar adashinta ta zo, muka tafi mu uku, ni da ita da Gashe Tenkir. Ta wanke Buzuzu tas, ta turara mata lubban. Wata budurwa mai suna Kalkidan ce ta karɓe mu. Ta jona wata na'ura a motar don duba lafiyar batir, ta buɗe ƙofar baya, sai ta tsaya tana shaƙar iska.

"Etiye, wanda duk ya sayi motar nan, kullum da yunwa zai riƙa tuƙi."

"To ki ƙara mata daraja mana, 'yata. Ƙanshin kyauta ne."

Aka yi ta ja-in-ja ana dariya har aka daidaita. Sannan Kalkidan ta kai mu wajen sabuwar. Shuɗiya ce, tana sheƙi, ledar kujeru ma ba a cire ba. Bayanta kuwa kwandunan injera za su zauna a jere ba tare da an danne na ƙasa ba. Zenebech ta zagaya ta, ta shafa, ta sake zagayawa. Gashe Tenkir ya shiga gefen direba yana taɓe baki, hannunsa ya danna wani maɓalli bai sani ba, kujera ta fara tafiya da shi baya. Ya yi tsalle ya fito yana kiran sunan Maryamu. Ni dai sai da na riƙe ciki don dariya.

Zenebech tambaya ɗaya ta yi. "Za ta kai ni Butajira?"

"Ta kai ki, ta dawo da ke, in ba ki yi yawo da yawa ba."

Sai ta rangaɗa guɗa a tsakiyar shagon, har masu sayen wasu motoci suka juyo suna tafi. Da za mu tafi ta koma wajen Buzuzu, ta cire ƙaramin gicciyen da ke rataye a madubi, ta dafa rufin ta ce, "Kin yi ƙoƙari. Allah ya haɗa ki da wanda ba ya hawa tudu."

Daga Megenagna zuwa Kolfe sai da muka tsaya sau da dama, don motar ta yi ta ƙara muna rasa dalili, ashe Gashe Tenkir ne ya ƙi ɗaura bel. A unguwa kuwa mata suka fito, aka shimfiɗa ɗanyar ciyawa a ƙofar gida, aka dafa gahawa, kowa ya shiga ya zauna ya ga bayan motar a allon gaba.

Meskel ya zo bayan 'yan makonni, ta ce lallai da ni za a je. Muka loda barkono da man shanu da gyale sabo na mahaifiyarta, muka kama hanya da hantsi. Damina ta ɗauke, duwatsu sun yi rawaya da furanni. Zenebech ta ƙure rediyo tana bin waƙa, tana wuce bas-bas tana ɗaga musu hannu. Da muka wuce Tiya, Gashe Tenkir ya yi gyaran murya.

"Zeni, ba ki gaji ba?"

"Ko kaɗan."

"Hanyar gaba tana da kwana da yawa. Sai wanda ya saba."

"Ka dai ce kana son ka taɓa."

Ta tsaya ta ba shi. Ya taka kaɗan, motar ta zabura, ya saki wata dariya da ban taɓa ji a bakinsa ba. Bai mayar mata da sitiyari ba sai da muka ga rufin ƙauyen, inda ta ce ya sauka, ita za ta shiga da abarta.

Muka bi ta tsakanin gonakin enset, shukar nan mai kama da ayaba, har ƙofar gida. Mahaifiyarta, tsohuwa 'yar ƙarama da sanda, tana zaune tana tsintar hatsi, ba ta ji zuwanmu ba sai da inuwar motar ta rufe ta. Ta ɗago ta ga 'yarta a kujerar direba.

"Wa ya turo ku?"

"Babu wanda ya turo mu, Emama. Haka take tafiya."

"Ba na shiga abin da ke sanɗa."

Aka yi ta lallashi. Da ƙyar ta yarda ta zauna a gaba, da sharaɗin a bar tagar a buɗe. Zenebech ta ja a hankali har bakin coci ta juyo. Tsohuwa na zaune, hannunta a kan sanda. Da muka dawo ƙofar gida na fita na buɗe mata, sai ta ƙi motsi.

"Rufe," ta ce. "Gidan Askale za mu, can ƙetaren rafi. Shekara da shekaru tana min gorin babur ɗin ɗanta."

Muka tafi gidan Askale.