Katin da Ya Cinye Babur

Da asuba Japhet yana durƙushe gaban kwamfutarsa a ɗakinsa na Samaru, yana yi mata fifita da murfin bokiti. Hoton wani bene da zai miƙa wa mai shi ya kai rabi, sai ya ji ƙauri. Allon ya yi baƙi.

Hantsi bai yi ba ya iso shagona a Sabon Gari, ya ɗauro ta a bayan babur. Ni mai gyara ne, ban iya kwana-kwana ba. Na kwance ta, na sunsuna, na ce, "Katinka ya mutu."

"Oga Uba, ƙara dubawa dai."

"Na duba. Bara na gasa shi da iska mai zafi ya farfaɗo. Wannan karon sai jana'iza."

Katin hoto nake nufi, wani falanki mai fanka da ke cikin kwamfuta. In babu mai ƙarfi, aiki irin na Japhet ba ya motsi. Shi mutumin wani ƙauye ne a bayan Basawa. Ya zo karatun zanen gini, kuɗin makaranta suka gagara, sai ya zauna yana fitar wa ɗalibai da magina hoton gida tun ba a haƙa tushe ba. Ba shi da surutu, ba ya saɓa rana, shi ya sa nake kula shi. Mahaifinsa Baba Doguwa, dattijon coci, maganarsa ɗaya ce kullum: gona tana jira. Japhet ya san ranar da sana'ar ta tsaya, ranar zai kama hanyar gida.

Kati kuwa babu a gari. Kosi, wanda ke kawo mana kaya daga Legas, guda ɗaya ya rage masa, ya kulle shi a gilashi kamar sarƙar gwal. Ya ce a da masu haƙar kuɗin intanet ne ke kwashewa, yanzu manyan kamfanonin waje ne, ga tsadar dala. Ni dai abin da na gani, farashin safe ba shi ne na yamma ba.

Japhet ya sayar da babur ɗinsa. Labari ya isa ƙauye a taƙaice: Japhet ya sayar da babur saboda kati. A can kuwa kati ɗaya aka sani yana cin babur, na 'yan caca a gindin mangwaro.

Ina cikin aiki sai ga Baba Doguwa a ƙofa da rigar zuwa coci, Japhet a bayansa kai a ƙasa.

"Kai ne Uba? A nan ake bugawa?"

"Buga me, Baba?"

"Katin! Kana da furfura, kana lalata 'ya'yan mutane!"

Rabin layi ya taru. Shekaruna nawa a wannan kasuwa ba a taɓa ce mini ɗan caca ba. Ban tsaya rantsuwa ba, na ɗauko mataccen katin na ɗora masa a tafi. Ya juya shi, ya hura fankar.

"Wannan ne ya ci babur?"

"Bai ma ci ba tukuna, Baba," in ji Japhet. "Sabo zan saya."

"To mu je in gani da idona."

Muka ɗunguma shagon Kosi. Gilashi wayam. Wani ya zo daga Kaduna da safe, ya ƙara a kan farashi, ya tafi da shi.

"Oga Kosi, ka ce za ka ajiye mini!"

"Maigida, na ajiye har jiya. Wani katin yana hanya."

"Yaushe? Nawa?"

Kosi ya ɗaga kafaɗa. "Sai ya sauka. Amma kuɗin babur ba zai kai ba, gaskiya."

Baba Doguwa ya dube ni. "Ka ce ba caca ba ce. Ai ɗan caca wani lokaci yana ci." Ya juya ga ɗansa. "Ɗauko kayanka. Masara ba ta gudu Kaduna."

Da muka koma shagona Japhet ya tsuguna gaban kwalin tsofaffin kaya yana tono, har ya zaro wani ƙaramin kati da na cire wa wata makaranta.

"Wannan ba zai ɗaga bene ba," na ce.

"Zai yi kalandar coci da takardar gayyatar biki. In ci abinci kafin na Kosi ya sauka."

"Kai da ka zana asibiti?"

"Ɗaura mini, Oga."

Na ɗaura, ta kawo hoto. Tsohon yana ta faɗa a kan taki da ciyawa, babu mai sauraronsa. Japhet ya naɗe waya, ya saɓa kwamfutar a kafaɗa, ya ratsa tsakanin masu keke da ƙafa, ya tare motar Samaru.