Gyaran da Yaya Ya Sa Aka Yi wa Alƙalamin Baba

Baba ya rasu ya bar warƙa tara bai ƙarasa ba a littafin fiƙihun da yake kwafa da hannu. Cikin 'ya'yansa ni macen ce kaɗai na ɗauko hannunsa, shi ya sa bayan sadakar bakwai Inna ta ce, "Ke za ki cike masa." Na ce to, amma da alƙalaminsa. Burina in cike yadda ba mai iya nuna inda ya tsaya.

Alƙalamin ba na kara ba ne, na Bature ne mai shan tawada, ya saye shi tun yana koyarwa a Miga. Da kansa ya goga bakinsa a dutsen wasa aska har ya karkace kamar fiƙar alƙalamin kara, rubutun shekara da shekaru kuma ya ƙara cinye shi daidai riƙonsa. Jan tsaye ya fito siriri, jan kwance ya yi kauri. Ko daga bakin ƙofa ka hango takarda ka san tasa ce.

Na koma ɗakina a Kafin Hausa na yi sati uku. Da na dawo gidanmu a Yalwawa na buɗe gafakar Baba inda alƙalamin yake, wayam. Ashe babban wanmu, ma'aikacin sakatariya, ya ɗauka zai sa hannu a wata takarda, alƙalami ya karce ta ya tofa masa tawada. To ina zai yi boko, abin da bai taɓa tafiya daga hagu ba? Shi kuwa Yaya ba ya ganin abu ya ƙyale. Ya kwasa sai wajen mai gyaran agogo a kasuwar Dutse.

"Ungo, na sa an gyara miki," in ji shi, yana washe baki kamar ya biya mini Makka.

Na cire murfin. Innalillahi! An goge karkatar tas, an liƙa wani ɗan dunƙulen ƙarfe kamar ƙwayar gero.

"Yaya, me aka yi masa?"

"Bakin ne ya cinye gefe guda. Mutumin ya ce bai taɓa ganin lalacewa irin wannan ba."

"Lalacewa? Hannun Baba ne fa ka sa aka kankare!"

"Ke dai ba a iya miki. Alƙalami ba alƙalami ba ne?"

Wallahi ba don girmansa ba, da ranar ya ji abin da bai taɓa ji ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na je wajen mai gyaran. Dattijo ne, ba ruwansa, aikin da aka ba shi ya yi, ya kuma yi da kyau. Ya ce, "Hajiya, sai in sake karkata miki shi. Kamar yaya yake a da?" Hannuna ya san shi, bakina bai sani ba. Ya gwada sau biyu, duka ba shi ba ne.

Haka na rubuta warƙa taran. Baƙaƙen na Baba ne, amma jan ya ƙi.

Na kai wa Inna, wadda ko alif ba ta iya karantawa ba. Ta ɗora littafin a cinya tana buɗawa a hankali, ni kuwa ina addu'a ta wuce wurin. Ba ta wuce ba. Ta aza yatsa a tsakiyar layi, daidai inda na karɓa, ta ce, "A nan Malam ya rasu."