Masu Neman Hoton Yaya Maina

Shekara tara ke nan a wannan watan da rasuwar Yaya Maina, wana uwa ɗaya uba ɗaya, malamin motsa jiki a wata sakandare a nan Potiskum. Allah Ya jiƙansa, Ya kyauta namu zuwan. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don shi ma ba mai son a riƙa yayata shi ba ne. Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne baƙin da suka yi mana sallama makon jiya a gidanmu na unguwar Bolewa. Su uku ne, sun sha manyan riguna sun fesa turare, wai hotonsa suke nema. Gasar ƙwallo za su shirya, su sa wa kofin sunansa.

Jagoransu na san shi sarai. Ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan gyaran mota, shi ne shugaban kwamitin ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a da, har yau kowa Ciyaman yake ce masa. Shi ne kuma ya kori Yaya daga horar da ƙungiyar. Ya harɗe a kan tabarmar zaurenmu ya ce, "Ai Hajiya, marigayi ya riga zamaninsa ne. Duk abin da masana ke faɗa yanzu, shi ya fara faɗa a garin nan." Na dube shi da kyau ko zan ga ɗigon kunya a fuskarsa. Babu.

Bari in gaya wa mai karatu abin da Yaya yake faɗa, tunda yau ya zama abin yabo. Ya taɓa zuwa ƙaro karatu Zariya, ya dawo da tarin takardun binciken masana a kan yadda tsoka ke ƙara ƙarfi. Da yake ni nas ce, ni yake zaunarwa ya yi wa bayani. Idan mutum ya ɗaga nauyin da ya ɗan fi wanda ya saba, tsokar tana wahala, har ta ɗan ji rauni a ciki. A lokacin hutu ne, da abinci da barci, jiki ke gyara wurin ya kuma ƙara masa ƙwari. Don haka nauyi kaɗan-kaɗan ake ƙara shi, kuma ranar hutu tana cikin atisaye. Iyakar maganar ke nan. Babu wani siddabaru a ciki.

Ba shi da kayan ɗaga ƙarfe na kanti. Garejin manyan motoci ya riƙa bi yana roƙon tsofaffin ƙarafan birki, ya kai wa mai walda ya haɗa su da sanduna, ya auna kowanne a sikelin masu hatsi, ya rubuta nauyinsa da fenti. Kwana uku a mako 'yan wasansa ke ɗagawa. Kowa da shafinsa a littafin Yaya, abin da ya ɗaga yau da abin da zai ɗaga mako mai zuwa. Jarkar ruwa kuwa tana bakin fili, mai jin ƙishi ya je ya sha ba sai ya nemi izini ba.

Wannan tsarin ne ya tsone wa Ciyaman ido. Shi ya sayi rigunan wasa, saboda haka a ganinsa ƙafafun da ke ƙarƙashin rigunan ma nasa ne. In ya faka mota a bakin fili so yake ya ga ƙarti suna haki suna faɗuwa, ta nan yake gane ana aiki. Bai taɓa gudu daga shagonsa zuwa masallaci ba, amma ya fi kowa sanin yadda ake horar da jiki. Da ƙungiyar ta sha kashi a hannun 'yan Gadaka da ci ɗaya, sai kwamiti ya zauna ya yanke cewa hutu ne ya lalata yara. Aka sallami Yaya. Aka kawo wani da ake kira Kofur, wanda har yau ba a san rundunar da ya yi wa aiki ba. Abin da ya iya shi ne tsawa. Atisaye ya koma safe da yamma kullum, cikin zafin bazara. Aka ɗauke jarkar ruwa, wai ruwa na sa ragwanci. Wanda ya makara zai zagaye fili da tsallen kwaɗo, da abokinsa goye a baya.

Yaya bai yi fushi ba, ko ya yi bai nuna ba. Takanas ya je shagon Ciyaman ya same shi cikin mutanensa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, korata ba komai ba ce. Amma don Allah a mayar musu da ruwan nan, a rage tsallen nan. Wani zai iya mutuwa." Ciyaman ya ce, "Malam, takardunka na Turawa ne, su jikinsu kamar gwanda yake. Mu nan rana ce ta gasa mu." Aka kwashe da dariya. Wanda ya ba ni labarin yana cikin masu dariyar, ya ce har da tafawa.

Ba a yi wata guda ba aka kawo mana Bukar asibitin da nake aiki, da hantsi, a cikin Keke Napep ɗinsa wani na tuƙawa. Shi ne mai ci wa ƙungiyar ƙwallo, matashi mai sabon aure, kuma bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Cinyoyinsa sun kumbura sun yi tauri, ba ya iya taka ƙasa. Da aka karɓi fitsarinsa na ɗaga kwalbar, sai na ga launinsa kamar baƙin shayi. Na san abin da hakan ke nufi. Tsokar ce ta farfashe fiye da abin da jiki zai iya gyarawa, dattinta ya kwarara cikin jini ya je ya toshe ƙoda. Muka yi ta ƙarin ruwa. A kwana na uku fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya, likita ya ce sai Kano, sai wankin ƙoda.

Yaya ne ya shiga motar Kanon da shi, shi da aka kora. Mako uku ya yi a can yana jinya tare da mahaifin Bukar. Su kuwa 'yan kwamiti suna nan gida suna nasu binciken. Da farko suka gano cewa jifa ne daga Gadaka. Daga baya suka ƙara zurfafawa, suka gano ƙarafan Yaya ne suka cinye yaron tun tuni, sai yanzu abin ya fito. Kofur ya tattara ya bar gari. Bukar ya rayu, alhamdu lillahi, amma bai sake buga ƙwallo ba, kuma har yau yana kan magani.

Bayan shekara biyu ciwon hanta ya kwantar da Yaya, bai yi doguwar jinya ba. An ce mini Ciyaman a sahun gaba ya tsaya wajen sallar gawa.

Yau ga garin ya cika da wuraren ɗaga ƙarfe. Ɗan Ciyaman ma ya buɗe nasa, da madubai bango guda. Samari na tsayawa gaban waya suna murza damtse suna cewa "bincike ya nuna" a huta, "bincike ya nuna" a sha ruwa. Maganar da aka yi wa dariya a shagon kayan mota ita ce dai, ba a ƙara mata wasali ba. Bambancin kawai yanzu daga waya ta fito, a bakin wani Bature mai singileti. Kuma rabin maganar suka ɗauka. Haƙurin da ke cikinta, na ƙara kaɗan yau a jira mako guda, wannan sun bar shi. Ga garin ƙara tsoka a robobi ana sayarwa, ga allurai a ɗakin baya. Ni ake kawo wa sakamakon: ƙurji a ɗuwawu, hawan jini ga ɗan shekara ashirin da biyar.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan. Na san ba zai raina su ba, raini nawa ne, shi bai iya ba. Zai ja saurayi gefe ne ya tambaye shi awa nawa ya yi barci, me ya ci da safe, sannan ya rage masa ƙarfe biyu daga sandar. Saurayin kuma zai koma wajen mai allura.

Da Ciyaman ya gama jawabinsa a zaure, sai na ce, "Alhaji, kun je wajen Bukar? In ya yarda a yi kofin, zan ba ku hoton." Ya juya ya kalli abokan tafiyarsa, ya ce, "Wane Bukar?" Na tashi na ce su gaida gida.

To me ya rage na Yaya Maina? Ƙarafan an sayar wa 'yan gwangwan, littafin gara ta ci. Amma akwai Innarmu. A shekararsa ta ƙarshe ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Bayan ƙashin ya haɗe, dangi suka ce tsohuwa ta kwanta ta huta, tafiya kuma sai a lahira. Yaya ya ƙi. Ya kawo kujera ya riƙe hannayenta, ta tashi ta zauna sau uku, tana yi masa faɗa. Mako na gaba sau huɗu. Daga baya ya saki hannun, can kuma ya ɗora mata ƙullin gero mudu guda ta rungume. Yanzu ta haura tamanin. Da kanta take miƙewa daga kan sallaya, da kanta take zuwa barka da ta'aziyya a unguwa, sa'anninta kuwa sai an ɗaga su. Shekara tara babu mai tsaya mata a kai, amma ba ta fasa ba. Yau da safe ma ina jin ta ta bango, kujera na ƙara, tana ƙirgawa da Bolanci. Ta kai goma sha biyar, ta ajiye geron, ta ƙwala mini kira wai ina kununta.