Ranar da Aka Hana Baffa Komowa Gida

Kakana ya bar Kaura Namoda a ƙasa da niyyar aikin Hajji tun mahaifina yana goye, bai kuma dawo ba. Ya yada zango a Sudan, ya yi noma, ya yi aure, ya haifi ɗa namiji, can ya rasu. Wannan ɗan shi ne Baffa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara ya zo mana. Ya ce a rediyo ya ji ana ta ambaton Kaura, garin da ubansa ya rasu yana bege, sai zama ya gagare shi. Dattijo ne dogo mai furfura, Hausarsa irin ta mutanen da, ta sha Larabci. Mahaifina ya ba shi ɗaki, ya yanka masa gona a hanyar Sakajiki. Damina na faɗuwa ya shuka gero.

Da Gwaggo, yayarsu, ta ji labari, sai ta aiko daga ƙauyen da take aure kusa da Maraɗi, cewa a kai mata ƙaninta. Ta tsufa, idonta ya tafi, kuma ita kaɗai ta rage da ta san kakanmu. Ni aka sa na raka shi. Muka bi ta Zurmi da Gurbin Bore. A bakin iyaka aka buga wa fasfonsa hatimi, aka yi mana sai kun dawo. Ba wanda ya ce mana komai.

Gwaggo na jin sallamarsa ta fashe da kuka, ta ce muryar babansu ce sak. Muka yi kwanaki a wurinta muka juyo.

A dawowa ne jami'in da ke bakin shinge ya juya fasfon Baffa, ya miƙo masa.

"Baba, bizarka ta shiga ɗaya ce. Ka shiga, ka fita. Ta ƙare."

Na ce, "Ranka ya daɗe, gida za mu koma. Zumunci munka je."

Ya ce, "Kai wuce abinka. Mutanen Afirka ta Yamma ba ruwansu da biza. Shi kuwa ɗan Sudan ne."

Muna wannan magana, masu jakai da masu babura suna ta wucewa ta gefenmu, wasu ko kallon shingen ba su yi. Wani dillalin shanu ɗan Nijar da na sani a kasuwar Shinkafi, wanda bai da ko dangi ɗaya a wannan ɓangare, ya ɗaga mini hannu ya wuce. Ban ji haushinsa ba, hakkinsa ne. Amma raina ya ɓaci iya ɓaci. Na ɗaga murya na ce mutumin nan gidan ubansa yana nan tsaye a Kaura, gonarsa na nan, wansa na nan da rai yana jiransa. Na ce me ya hana ku gaya mana ranar da muka fita? Jami'in ya ce aikin mai buga hatimin fita daban, nasa daban. Har yau in na tuna amsar nan sai na ji zuciyata na tafasa.

Wani ɗan kabu-kabu ya ja ni gefe ya ce akwai hanyar daji, kafin la'asar mun isa. Na gaya wa Baffa. Ya dube ni da kyau.

"Ɗana, ba ni shiga garin ubana kamar ɓarawo."

Na roƙe shi, ya ƙi. Na mayar da shi wurin Gwaggo na dawo ni kaɗai.

Daga nan na shiga zarya a Gusau. Ko'ina ka shiga a lokacin maganar 'yan'uwantakar Musulmi ake yi, a bango, a lasifika, a bakin kowa. Amma duk ofishin da na kai kukana sai a ce wannan ba hurumin jiha ba ne, na tarayya ne. Wani ma ya tsare ni da wa'azin haƙuri, ni da na zo neman wanda zai sa hannu kawai. Muka tara takardun shaida daga mai unguwa da liman muka aika wa Baffa, ya tafi babban birnin Nijar neman sabuwar biza. Aka ce ya koma ƙasar da ta ba shi fasfo ya nema daga can.

Geronsa ya nuna, mu muka girbe. Shi kuwa zaman jira ya ishe shi, ga izinin zamansa a Nijar ma ya kusa ƙarewa, sai ya kama hanyar Sudan ta Chadi, da alkawarin zai dawo bayan Sallah. Bai samu dawowa ba.

Mahaifina bai taɓa ɗaga murya a kan maganar ba. Ni ne nake ta faɗa a tsakar gida, shi yana jina. Da ciwon ajali ya kwantar da shi a daminar da ta biyo, kullum aka yi sallama a ƙofar gida sai ya ce a leƙa a ga ko wane ne. Mukan leƙa, mu dawo mu gaya masa sunan maƙwabcin da ya zo dubiya.