Notikan da Iya ta wanke

Wata Juma'a ce a damunar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ina aji huɗu a firamare, na dawo gida da sabon hijabina da yake jan ƙasa, na tarar da Baba ya cusa rabin jikinsa cikin bonet ɗin tsohuwar motar Alhaji. A boskwata muke zaune, a bayan wani babban gida a Nassarawa GRA, inda Baba yake tuƙi tun kafin a haife ni. Da siyasa ta dawo Alhaji ya samu muƙami, sababbin motoci suka cika gareji, aka shimfiɗa wa tsakar gida farin daɓe. Ita kuwa tsohuwar, duk inda ta kwana sai ta bar tabon baƙin mai, Hajiya kuma ta gaji da gani. Sai Alhaji ya yanke magana. In Baba ya tsayar da yoyon nan kafin safiyar Asabar, mota ta zama tasa halak malak, in kuwa ta ƙara ɗiga ko sau ɗaya, 'yan gwangwan za a kira su farfasa ta.

Ni dai Allah ya yi ni da bin diddigi, har Iya, kakata da ta zo mana daga Jigawa jinyar ido, take ce mini "uwar tambaya". Na ajiye jaka na tsuguna, na manta da wanke-wanke da kajin Hajiya da nake zuba wa dusa. Baba ya nuna mini murfin saman inji da baƙar robar da take kewaye da bakinsa, wadda ya ce sunanta gaskit, ta bushe ta tsattsage kamar tsohon takalmi. Sabuwa tana cikin leda, da safe ya sayo ta a Ƙofar Ruwa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani kwalin sabulu da ya zana hoton murfin a kai da gawayi. Duk notin da ya kwance sai ya huda kwalin ya soke shi daidai gurbinsa. Na tambaye shi me ya sa, tunda duk noti noti ne. Ya ce a ido ne suke kama, amma wani dogo ne wani gajere. Dogo in ya shiga gajeren rami zai taɓo ƙasa bai matse komai ba, in an tilasta masa ya fasa ƙarfen. Gajere kuma in ya shiga dogon rami sai ya cinye haƙoran ramin. "Kowa da ɗakinsa," in ji shi.

Da aka kira sallar Juma'a ya wanke hannu da kalanzir, suka tafi masallaci shi da maigadi da kuku, ni kuma Umma ta aike ni kai niƙa. Kafin mu dawo Iya ta yi aikin alheri. Mace ce da ba ta iya ganin dauɗa ta wuce, kuma zaman banza a gidan mutane yana damunta. Ta ga ƙarafa sun yi baƙi ƙirin a jikin kwali, ta zare su kaf, ta dirje su da toka da soso, ta shanya su a faifai suna ƙyalli, kwalin kuma ta hura wuta da shi. Ƙananan robobin da suke wuyan kowane noti ta ɗauka dattin da ya daskare ne, ta kankare su da wuƙa ta watsa a kwandon shara.

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya dubi faifan, ya dubi murhu. Ɗan fari ne, Iya ko sunansa ba ta faɗa, shi kuma bai taɓa ɗaga mata murya ba. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Sannu da aiki, Iya." Ya koma gindin darbejiya ya zauna, tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla.

Ni na yi wa Iya bayanin ɗakunan, yadda na ji daga bakinsa. Sai ta ce in kawo mata tsintsiyar kwakwa. Ta ce ai ko rijiya ba a shiga a auna ta, guga ake zurawa. Idonta ba ya gani sosai, don haka ni na hau kan bokiti, ina zura tsinke a kowane rami har ya taɓo ƙasa, in kama bakinsa da farce in karya in miƙa mata. Ita kuma tana laluben faifai tana gwada tsinken da notika, ta ba ni wanda ya ɗan gaza shi kaɗan, yadda Baba ya ce, in ajiye shi daidai raminsa. Ya taso ya tsaya a kanmu, can sai na ga ya zazzage kwandon shara yana tsince robobin daga cikin ɓawon albasa. Ɗaya wuƙa ta raba ta biyu, sai ya yanko madadinta daga tsohon tiyub ɗin keke. Ya goge bakin injin tas, ya kwantar da sabuwar gaskit, ya mayar da murfin, ya fara shigar da kowane noti da yatsa. Da ya ɗauki sifana, daga tsakiya ya fara, yana tsallakawa wannan gefe da wancan, a hankali, wai in an matse da mugunta robar fita take yi.

Bayan la'asar ya tada mota ya zagaya unguwa har injin ya yi zafi, ya ajiye ta a kan farin daɓen Hajiya. Yana neman jaridar da zai shimfiɗa a ƙasa, sai ga Iya da farin mayafinta na zuwa Idi. Ta durƙusa da kanta ta shimfiɗa shi a ƙarƙashin injin. "In za ta ɗiga, ta ɗiga a kaina," ta ce.

Da safe Hajiya ta fito da kanta, Alhaji yana bayanta da carbi. Ni aka sa na rarrafa na jawo mayafin. Aka ɗaga shi a rana, aka juya gaba da baya, babu komai a jikinsa sai wani ɗan kiyashi. Alhaji ya yi dariya ya ce wa Baba, "Malam Sule, riƙe makullinka." Iya ko kallonsu ba ta yi ba, ta karɓi abinta ta kakkaɓe.

Yanzu an rushe boskwatar, an yi benaye a wurin. In na kai motata gareji, yara ne suke zuba notika a gwangwani ɗaya su ɗaure da inji mai ƙara, in na yi tambaya su ce, "Hajiya, duk ɗaya ne." Motar nan ta kai mu makaranta shekaru, ita ta mayar da Iya gida da idonta ya warke. Ita ce kuma ta kai ta makwancinta bayan damuna biyu, Baba yana tuƙi a hankali, farin mayafin yana lulluɓe da ita.